Haƙorin Ƙurya: Ciwon da Ke Lafawa Ya Dawo

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, kana iya iske saurayi majiyi ƙarfi, wanda jiya ya wuni yana yankan gero, yau ya ɗaure muƙamuƙi da rawani yana kurɓar koko da ƙyar. Ka tambaye shi, ya ce haƙori ne. Ka haska tocila, babu rami, babu baƙi. Can ƙurya, bayan turmi na ƙarshe, dasashi ne ya yi jawur ya kumbura, wani lokaci har da mugunya da warin baki.

Baligi haƙora 32 gare shi. Huɗun ƙarshe sukan tsiro ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, bayan 'yan uwansu sun riga sun cinye wuri. Na ƙasa ya fi shan wahala: ya karkace, ko ya leƙo rabi ya tsaya, fatar dasashi ta kife a kansa kamar murfin tukunya. A ƙarƙashin murfin nan ɓurɓushin tuwo da zaren nama da ɓawon gasasshiyar masara suke maƙalewa, inda asuwaki ba ya kaiwa. Nan ƙwayoyin cuta ke samun masauki. Haƙorin sama kuma, duk taunar da aka yi, sai ya sake danne naman da ya kumbura.

Idan abin bai yi nisa ba, akwai taimakon da za a yi a gida. A zuba gishiri rabin cokalin shayi a kofin ruwan ɗumi, a riƙa kuskure baki da shi sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. A goge wurin a hankali da buroshi mai laushi, ko da yana ɗan jini. Gudun taɓa shi ne ke ƙara masa datti. Farasitamol na rage zogi. Ibufurofen ya fi kama kumburi, amma mai gyambon ciki da mai juna biyu su bar shi. Kanumfari kan kashe raɗaɗi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu ɗiga ruwan batir ko fetur, da masu danna ƙwayar asfirin a kan dasashi. Wannan ƙuna ce ake ɗorawa a kan ciwo. Sai kuma al'adar zuwa kemis a sayi amoksilin biyu da Flagyl biyu, a sha, a ji sauƙi, a watsar. Murfin yana nan, datti zai sake taruwa. Bayan wata biyu ciwon ya dawo, maganin kuma ya fara daina aiki. Waɗannan ƙwayoyi na wanda cutar ta fara yaɗuwa a jikinsa ne, kuma likita ke rubuta su.

Likitan haƙori yakan wanke ƙarƙashin fatar da sirinji, ya ɗauki hoton muƙamuƙi ya ga yadda haƙorin ya kwanta. In ciwon ya zama na yau da gobe, cirewa ce magani, da allurar kashe zafi. Zancen cewa cire haƙori na makantar da ido ba shi da tushe. Haƙorin da kuma ya binnu cikin ƙashi ba aikin mai cire haƙori na kasuwa ba ne, domin jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji tana wucewa dab da saiwarsa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere. In biyu ma sun ƙi shiga, ko zazzaɓi ya zo, ko kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, ko haɗiyar yawu ta gagara, to cutar ta kama hanyar maƙogwaro, kuma tana iya toshe numfashi. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga wannan haɗari. A nemi mota nan take zuwa babban asibitin Bichi ko na Dambatta. In sun tura ku Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ku wuce a ranar, kada ku ce sai an gama sussuka.