Kiwon Kifi A Falo: A Fara Kiwon Ruwan Kafin A Sayi Kifin

A 'yan shekarun nan, wanda ke shiga gidajen jama'armu a Nima da Mamobi da Madina, ko Aboabo a Kumasi, zai lura cewa tankin gilashi mai kifaye ya fara samun gurbi a falo, kusa da talabijin. Da yawa sun fara da ƙaramin tanki, yanzu kuma suna sha'awar babba mai cin lita 400 ko fiye. Sai dai kuma kukan da ake yawan yi ɗaya ne: an kashe kuɗi an sayi tanki, an zuba kifi ran Asabar, kafin Asabar ta zagayo rabinsu sun taso sama ciki a waje. Yawanci sai a ɗora wa mai sayar da kifin laifi, alhali gaggawar mai gida ce ta kashe su.

Kafin a zo kan ruwa, akwai batun nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon santimita 150, faɗin 50, tsayin 60, yana cin lita 450, wato jarka 18 irin mai ruwan ɗorawan nan ta lita 25 da ake kira galan ɗin Kufuor. Idan aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu, an wuce rabin tan. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Ƙarfe ake sa maƙeri ya haɗa, a daidaita shi da ma'aunin magina, a shimfiɗa soso mai tauri a ƙarƙashin gilashin, domin ɗan karkata kaɗan yana iya tsaga shi bayan watanni. Gilashin tanki mai wannan tsayi kada ya gaza milimita 10, gara ma 12. Wanda ke haya a saman bene ya fara yin magana da mai gida. A kuma nisanta shi da taga, saboda rana tana ɗumama ruwa ta cika shi da gansakuka.

To, ga inda aikin yake. Kifi yana fitar da wani guba mai suna amoniya ta kunnuwansa da kashinsa. A tafkin Volta, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, wannan ba komai ba ne. A cikin akwatin gilashi kuwa, gubar taruwa take yi har ta ƙone kunnuwan kifin. Abin da ke ceton sa wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, da ke zama a cikin soson matatar ruwa. Wasu suna juya amoniya ta koma naitrait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su juya naitrait ya koma naitret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka ake cika tanki, a kunna matata dare da rana, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa don ƙwayoyin su sami abin ci, ba tare da ko kifi ɗaya a ciki ba. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a ga launi. Sai amoniya da naitrait sun koma sifili sannan a je kasuwa. Wanda ke da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, ya roƙi guntun soson matatarsa, hakan na rage kwanakin jira sosai.

Yara za su dame ka da tambayar ina kifin, baƙi ma za su yi dariyar mutumin da ke kiwon ruwa. A bar su su yi.

Ruwan famfo yana da kulorin, kuma kulorin ba ya bambanta ƙwayar cuta da ƙwaya mai amfani. Ana sayar da maganin cire shi. A yi amfani da shi duk lokacin da za a ƙara ruwa. Haka nan kada a wanke soson matata a bakin famfo, a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin. Kowane mako a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a sa sabo. Kwashe kifi a wanke tanki tas da sabulu, kamar yadda wasu iyayenmu mata ke so saboda tsafta, mayar da aiki baya ne gaba ɗaya.

Duk wanda ya ga dumso na shekarun 2012 zuwa 2016 ya san ba a dogara da wuta. A zafin Accra ba a cika bukatar na'urar ɗumama ruwa ba, domin yawancin waɗannan kifaye suna son ma'aunin zafi 24 zuwa 28. Abin tsoro shi ne iska: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma idan matata ta tsaya na awoyi, ƙwayoyin cikinta su ma suna mutuwa. Ƙaramin injin hura iska mai batir ya fi kowane ado na cikin tanki muhimmanci.

Wane kifi za a zuba? A ganina babu dalilin ƙetare namu na Afirka ta Yamma, waɗanda masu kiwon kifi a Turai ke biyan kuɗi don su samu. Kurungu yana da haƙuri, kuma akwai irinsa da ke iyo a rigingine, abin da ke ba yara mamaki. Yana son kogon dutse ko guntun itace inda zai ɓuya da rana. Gartsa, mai jiki kamar maciji da ƙayoyi jere a baya, yakan kai kamar santimita 30, yana shaƙar iska a saman ruwa, don haka ya fi wasu jure ɗaukewar wuta. Amma gwanin tsalle ne, dole tanki ya kasance da murfi, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne.

Akwai waɗanda gara a bar su a kogi ko a tukunya. Tarwaɗa tana da kyau tana ƙarama, amma takan wuce mita ɗaya, kuma za ta cinye maƙwabtanta tun kafin nan. Giwan ruwa yana kai kilo 200. Minjirya tana da wutar da ta kai volt 300 zuwa sama. Karfasa kuwa tona yashi da tuge shuke-shuke ne aikinta, ga haihuwa ba ƙaƙƙautawa.

Ko bayan ruwa ya nuna, ba a zuba kifi gaba ɗaya. A fara da 5 ko 6, a jira mako biyu, a gwada ruwa, sannan a ƙara. Sabon kifi kuma a ajiye shi a wani ƙaramin tanki daban na mako biyu zuwa huɗu. Masu gonakin karfasa a tafkin Volta sun ga abin da cuta ke yi a ƙarshen 2018, lokacin da wata ƙwayar bairos ta kashe musu kifi masu ɗimbin yawa. Wanda kuma ya gaji da kifin da aka shigo da shi daga waje, ya mayar wa mai shago ko ya ba wani mai tanki, kada ya sake shi a kwata ko rafi.