Hatsarin Mota da Haƙƙin Wanda Aka Raunata: Darasi Daga Alibandeng

Duk wanda ya tsaya da sanyin safiya a bakin titi a Alibandeng, unguwar da ke arewacin birnin Libreville na ƙasar Gabon, daura da filin jirgin sama na Léon Mba, a daidai lokacin da ma'aikata ke hanzarin isa wurin aiki, 'yan makaranta na tsallaka kwalta da jakunkuna a baya, ga motocin haya masu launin ja da fari suna tsayawa duk inda aka ɗaga musu hannu, ga tifofi maƙare da yashi suna nufar inda ake sababbin gine-gine, ba sai an gaya masa ba, zai gane cewa garin ya fi ƙarfin hanyoyinsa, kamar yaron da ya miƙe a cikin shekara guda har rigarsa ta bara ta ƙi shigarsa.

Asalin Libreville ƙaramin matsuguni ne da Faransawa suka kafa a 1849 domin bayin da aka 'yanto daga wani jirgin ruwa na fataken bayi. Sa'ad da Gabon ta sami mulkin kai ran 17 ga Agusta 1960, mutanen garin ba su wuce kimanin 30,000 ba. Amma da arzikin man fetur ya bunƙasa, jama'a suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka da kuma ƙasashen waje, har ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da 700,000 a cikinsa, alhali al'ummar ƙasar duka ba ta kai miliyan 2 ba. Da yake teku ta tare garin ta yamma, sai ya yi ta miƙewa kudu wajen Owendo, da gabas kan hanyar cikin ƙasa, da kuma arewa wajen Okala da Angondjé, inda aka buɗe babban filin ƙwallo a 2011, aka kuma kafa ƙaramar hukumar Akanda a 2013. Alibandeng tana tsakanin tsohon gari da wannan sabon gari na arewa, saboda haka ƙurar gininsa da cunkoson motocinsa duk a ƙofar gidanta suke.

Abin da ya sa wannan labari ya shafe mu shi ne 'yan'uwanmu Hausawa sun daɗe a Gabon. Fatauci ya kai kakanninsu ta Kamaru zuwa garuruwan Bitam da Oyem da Minvoul fiye da shekara ɗari da ta wuce, daga baya kuma waɗansu suka biyo sawu daga Nijar da Nijeriya, suna kasuwanci a Mont-Bouët, babbar kasuwar Libreville, suna kuma zagaya unguwanni da kayan sayarwa. Mai neman abinci a ƙafa ko a motar haya kuwa shi ne farkon wanda hatsari ke samu.

Yadda hatsari ke aukuwa

Libreville gari ne na tuddai da kwaruruka da fadamu, kuma ruwan saman da ke zuba a kansa a shekara yana kusan mita 3, yana farawa wajen Oktoba ba ya ɗaukewa sai Mayu. Idan ruwa irin wannan ya sauka a unguwar da gidaje suka riga titi zuwa, inda aka yi gini tukuna sannan aka nemi inda mota za ta bi, sai ya zaizaye gefen kwalta, ya cika ramuka har direba ba ya sanin zurfinsu, ya tilasta wa mai tafiya a ƙasa ya hau tsakiyar titi domin babu inda zai sa ƙafa a gefe. Ƙari a kan haka, lungunan da motocin haya na ƙa'ida ba su shiga, sai ƙananan motocin da mutanen garin ke kira kilando, waɗanda galibi tsofaffi ne, ake kuma cusa musu fasinja fiye da kima. Direban da ya kwashe sa'a guda a cunkoso kuwa, da zarar ya ga hanya ta buɗe sai ya taka mota domin ya rama lokacin da ya ɓata, ya manta da cewa sauri ya kan haifi nawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, sannan nahiyar Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka gwada da yawan jama'arta. Hukumar ta bayyana cewa in mota ta buge mutum tana gudun kilomita 65 a sa'a, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun kilomita 50 har sau huɗu da rabi, kuma direban da ke waya yana tuƙi ya ninka haɗarin karo kusan sau huɗu. Tazarar kilomita 15 ke nan kacal, wadda direba ba ya ko jin ta a ƙafarsa, amma ita ce tsakanin yaron da zai kwana asibiti da wanda za a yi wa sutura.

Dokar da mutane da yawa ba su sani ba

Abin mamaki, a cikin wannan gari na Libreville ne hedkwatar hukumar da ta shimfiɗa dokar biyan diyyar hatsarin mota ga ƙasashe 14 na Afirka take. Sunanta CIMA, an sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki ran 15 ga Fabrairu 1995. Gabon na ciki, haka Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Togo da sauransu, amma ban da Nijeriya. Ma'ana, hukuncin da ke kan wanda mota ta buge a Alibandeng shi ne ke kan wanda ta buge a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa.

Dokar ta wajabta wa duk mai mota ya yi inshorar da za ta biya ɓarnar da motarsa ta yi wa wani, kuma tun gyaran 2011 inshora ba ta aiki sai an biya kuɗinta. Babbar falalar dokar, wadda ta ɗauko salonta daga wata dokar Faransa ta 1985, ita ce ta sauƙe wa mai rauni nauyin jayayya a kan wa ke da laifi: mai tafiya a ƙasa ko fasinja, in ya ji rauni a jikinsa, ana biyansa ko da shi ne ya yi sakacin tsallaka titi, sai fa in an tabbatar da gangan ya nemi cutar da kansa. Direba ne kaɗai laifinsa ke rage masa diyya ko ya hana shi ita ɗungum.

Bayan 'yan sanda ko jandarmomi sun yi abin da ake kira konsta, wato sun auna wurin sun rubuta rahoto, doka ta ɗora musu aika kwafinsa ga kamfanin inshora, shi kuma kamfani wajibi ne ya gabatar wa mai rauni tayin diyya a cikin wa'adin da bai wuce shekara ba, in ya yi jinkiri a ɗora masa tara. Sulhu ake fara nema, ba a zuwa gaban alƙali sai wa'adin ya cika ba a daidaita ba. Wanda ya sa hannu kan sulhu, sannan ya gano an tauye shi abin da doka ta ba shi, yana da kwana 15 ya warware ta hanyar wasiƙa mai rajista. In kuwa mai haƙƙin yaro ne, sulhu ba ya inganta sai da amincewar alƙalin da ke kula da marayu ko majalisar dangi. Wanda ya yi shiru har shekara 5 daga ranar hatsari, haƙƙinsa ya faɗi.

Diyyar kanta an rarraba ta babi-babi, yadda malaman fiƙihu ke rarraba raunuka. Akwai kuɗin magani, wanda ake mayarwa bisa rasit, muddin bai wuce ninki biyu na farashin asibitin gwamnati ba. Akwai na kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba, in sun haura 8. Akwai na naƙasar dindindin, wadda likita ke ƙiyasta ta kashi kaza cikin ɗari, in ta kai 50 a ƙara da asarar abin masarufi, in ta kai 80 a ƙara da na ƙuncin zuciya. Akwai na azabar ciwo da na tabon da ya ɓata halitta. In rai ya yi halinsa, akwai kuɗin jana'iza da rabon mata da 'ya'ya da iyaye, kuma dokar ta san da mai mace fiye da ɗaya.

To, a nan ne ɗan kasuwarmu ke cutuwa. Ma'aikaci ana lissafa masa ne bisa albashinsa na wata 6 kafin hatsari, mai sana'ar kansa kuma bisa takardun harajinsa na shekara 2. Amma wanda ba shi da wata shaida a rubuce, ko da cinikinsa ya kai nawa, sai a mayar da shi kan mafi ƙarancin albashi, wanda a Gabon aka yanke shi sefa 80,000 a wata tun 2006. Mutumin da ke ciyar da gida biyu, ɗaya a Libreville ɗaya a Tawa, yana iya wayar gari an auna shi da mudun lebura, don kawai bai taɓa ajiye takarda ba.

Abin da ya kamata a yi

Farko dai ceton rai: a garzaya da mai rauni asibiti, kamar babban asibitin koyarwa na Libreville ko na Owendo wanda ya shahara da aikin karaya, a kuma karɓi takardar likita ta ranar farko mai bayyana raunuka, domin ita ce tushen duk wata magana daga baya. Mu mutane ne masu amincewa da maɗori, kuma ba a raina gwanintarsa, amma kamfanin inshora bai san ɗori ba, takardar likita ya sani. Sannan a rubuta lambar mota, a ɗauki hoton wurin da na takardar inshora da waya, a riƙe sunayen waɗanda suka gani da idonsu, a kuma dage sai an yi konsta. Dokar ta tanadi asusu na musamman domin waɗanda motar da ta gudu ko marar inshora ta buge, sai dai ba kowace ƙasa ce ta kafa shi ba, saboda haka lambar mota na iya zama ita kaɗai ce igiyar da ta rage a hannun iyali. A tara kowane rasit, ko na allura ɗaya ne. Kada kuma a sa hannu kan takardar Faransanci da ba a fahimta ba sai an kai wa lauya ko amintaccen mai ilimi ya karanta. Baƙo marar cikakkiyar takardar zama shi ya fi kowa tsoron ofishin hukuma, kuma a nan ne ya wajaba shugabannin al'umma da limamai su tsaya masa, su raka shi, su nema masa mashawarci.

Tsakanin yafiya da haƙƙi

Sau da yawa, in hatsari ya auku, kafin a ɗauke gawa ma za ka ji dattijo ya ce: "Ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, mun yafe." Magana ce mai kyau da ke fitowa daga zuciya mai imani, kuma ina girmama mai faɗinta. Sai dai ya kamata mu tuna cewa Shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta ƙayyade ta raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, ta kuma bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da hukuncin kowace. Da karɓar diyya cin kuɗin jini ne abin ƙyama, da malamai ba su ɓata tawada a kanta ba. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba tarika, kuma baligi yana da ikon yafe rabonsa ya nemi lada, amma ba shi da ikon yin kyauta da rabon jaririn da ke goye a bayan mai takaba, wanda shekara goma nan gaba zai buƙaci abinci da sutura da kuɗin makaranta, alhali waɗanda suka yafe a madadinsa kowa ya kama gabansa.

Akwai kuma wata hikima da ta dace direbobinmu su duba. Shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure a kan mai kuskuren shi kaɗai ba, ta ɗora ta a kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, su biya a cikin shekara 3, domin kada gida ɗaya ya rushe wajen gyara wani. Direban kilando da ke ci-rani a Alibandeng ya baro danginsa nesa, ba shi da aƙilar da za ta tara masa, kuma in ya buge mutum ba shi da inshora, to ya haɗa musiba biyu: ya jefa kansa a bashin da ba zai iya biya ba, ya bar marayun wani hannu wofi. Malamai sun yi saɓani a kan inshorar kasuwanci, amma da yawansu sun yi rangwame a kan wadda hukuma ta tilasta, ita ma CIMA ta fitar da ƙa'idojin inshorar taimakekeniya ta Musulunci, wato takaful, a 2019.

Gyaran titi da magudanan ruwa da fitilu da wurin tsallakawar yara aikin hukuma ne, kuma haƙƙin mazauna unguwa ne su yi ta tuna mata. Amma rage gudu a gaban makaranta, da ajiye waya, da duba birki kafin damina, da sabunta inshora ran da ta ƙare, waɗannan suna hannun mai riƙe da sitiyari, ba ya jiran kowa a kansu. Ran da kuwa Allah ya jarrabi wani gida da wannan musiba, ina roƙon dattawan da za su zauna a tabarmar ta'aziyya, kafin wani ya furta kalmar yafiya, su fara ƙirga yara nawa mamacin ya bari, su sa wani amintacce ya riƙe takardun, su karɓo wa marayu abin da Allah da doka suka ba su. Bayan haka, wanda ya so ya yafe nasa rabon, Allah ya saka masa da alheri.