Daga Kogin Nilu Zuwa Gujba: Yadda Mamayar Rabeh Ta Sauya Taswirar Arewa Maso Gabas

Matafiyin da ya bar Potiskum ya nufi Damaturu, sannan ya karkata kudu kan hanyar Biu, zai ratsa ta Gujba ba tare da ya ga wani abin da zai tsayar da shi ba. Amma a wannan gari na Jihar Yobe ne, a watan Agustan 1901, aka rufe babin wata mamaya da ta shafe fiye da shekara 20 tana gangarowa yamma daga Sudan. Abin da ya biyo bayanta shi ya tsara iyakoki da masarautun da ake zaune cikinsu a yau.

Rabeh ɗan yankin Khartoum ne, kuma ya yi suna a rundunar Zubairu Rahma, babban mai fataucin bayi da hauren giwa na Bahar al-Gazal. Da gwamnatin Masar ta tsare Zubairu a Alƙahira, aka kuma murƙushe tawayen ɗansa Sulaiman a 1879, sai Rabeh ya ƙi miƙa wuya. Ya kwashi 'yan bindigarsa ya fuskanci yamma. Rundunar ba ta noma, ba ta kiwo. Da hari take ci, da bayi take sayen albarushi. Irin wannan runduna ba ta iya zama wuri ɗaya, domin duk ƙasar da ta cinye sai ta nemi ta gaba. Haka ya ratsa Dar Kuti, ya karya Bagirmi, ya iso bakin Borno a 1893.

Borno ta lokacin ta raunana. Dakarun Shehu Hashimi sun fi yawa, amma na Rabeh sun fi horo da bindiga. Aka ci Kukawa aka ƙone ta. Shehu Kyari, wanda ya karɓi ragama bayan Hashimi, ya tara jama'a ya sake gwabzawa a kusa da Kogin Yobe, aka kama shi aka kashe. Rabeh ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, inda ginin fadarsa yake har yanzu.

Idonsa bai tsaya nan ba, Kano da Sakkwato yake hange. Ya ƙulla ƙawance da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya karɓi kiran Mahadin Sudan, har ya aura masa 'yarsa Hauwa. Ƙawancen ya watse, Hayatu ya rasa ransa a hannun Fadlallah ɗan Rabeh sa'ad da yake ƙoƙarin ficewa daga Dikwa. Sarakunan daular Sakkwato kuwa suka toshe masa hanyoyin ciniki. Garuruwan da ke tsakanin Borno da ƙasar Hausa, wato yammacin Yobe ta yau, su suka zauna cikin zullumin hare-hare a waɗannan shekaru.

Abin da Rabeh bai iya hanawa ba shi ne rabon da aka riga aka yi a Turai. Tun daga 1890 Ingila da Faransa da Jamus suka shiga sa hannu kan yarjejeniyoyin da suka yanka ƙasashen Tafkin Chadi a takarda, alhali babu sojansu ko ɗaya a Kukawa. Wannan ba sabon salo ba ne: haka Faransa ta sayar wa Amurka yankin Luwiziyana a 1803, ba tare da an tambayi al'ummomin da ke zaune a cikinsa ba. Takarda takan riga bindiga isa, amma sai bindiga ta iso ake sanin mai ƙasa.

Faransa ce ta fara isowa, da runduna uku: ɗaya daga Aljeriya ta hamada, ɗaya daga Kongo, ɗaya kuma daga yamma ta Birnin Ƙonni da Damagaram, wadda ta bar ƙone-ƙone da gawarwaki a ƙasar Hausa. Suka haɗu a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Rabeh ya faɗi a wannan yaƙi, haka ma kwamandan Faransawa, Lamy, wanda aka sa wa birnin da ake kira N'Djamena a yau sunansa har zuwa 1973.

Nan ne Gujba ta shigo labarin. Fadlallah ya janye da ragowar rundunar zuwa ɓangaren da takarda ta ba Ingila, ya aika yana neman Turawan Ingila su amince da shi a matsayin mai mulkin Borno. Sun saurare shi, har wani hafsansu, Manjo McClintock, ya ziyarce shi. Kafin a yanke shawara, Faransawa suka tsallaka iyaka suka kashe shi a Gujba. Wannan kutse ya nuna wa Gwamna Lugga cewa ƙasar da babu sojanka a cikinta ba taka ba ce. A farkon 1902 ya tura Kanar Morland ya mamaye Borno.

Sakamakon farko shi ne rabuwar gidan El-Kanemi gida biyu. Ingila ta jawo Shehu Abubakar Garbai daga Dikwa zuwa ɓangarenta, ya ƙare da zama a Yerwa a 1907, Maiduguri ta maye gurbin Kukawa ke nan. Dikwa kuwa ta faɗa hannun Jamus da nata Shehun. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma ƙarƙashin riƙon Ingila, kuma sai da ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanenta suka tabbata 'yan Nijeriya.

Sakamako na biyu ya fi kusa da mutanen Potiskum. Turawa sun tarar da yammacin Borno cike da al'ummomi masu cin gashin kansu: Bolewa, Ngizim, Karai-Karai, Ngamo da Bade. Tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna yana son babban sarki guda da zai tara haraji, saboda haka suka haɗa da yawa daga cikinsu ƙarƙashin Masarautar Fika, sannan a 1924 aka mayar da hedikwatar masarautar daga garin Fika zuwa Potiskum, bakin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wannan ya bunƙasa garin, amma ya bar tambayar da ba ta kwanta ba, ta wane ne mai gari. Bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara yawan masarautun jihar daga 4 zuwa 13 a Janairun 2000, matakin da ya kai ga shari'a a kotu. Tun daga nan Potiskum take ɗauke da fada biyu, ta Mai Fika da ta Mai Potiskum.