Mota Ɗaya, Aiki Biyu: Abin Da Mai Son Tsere A Jalingo Ya Kamata Ya Duba

A Amurka da Ingila akwai wata irin gasar mota wadda ba ta bukatar filin tsere na musamman. Ana samun fili mai kwalta ne a jera alamun roba, sa'an nan direbobi su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna ratsa kwanonin da aka shata, agogo yana lissafi. Zagaye ɗaya ba ya cika wuce minti guda, kuma wanda ya ture alama sai a ƙara masa daƙiƙu. Mafi yawan masu shiga da motar da suke zuwa aiki suke yi, su gama su koma gida a cikinta. Wannan shi ya sa samari masu sha'awar tuƙi, waɗanda mota ɗaya ƙarfinsu ya kai, suke tambayar wace mai ƙofa huɗu ce za ta iya wasan ranar Asabar, ta kuma kai yara makaranta ranar Litinin.

Mutumin Jalingo ba sai ya je nesa neman amsa ba, gama ƙasar nan ta daɗe da ganin irin wannan mota. Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968. A 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, Ove Andersson na Suwidin ya ci gasar Safari ta Kenya da 504 mai ƙofa huɗu, bayan dubban kilomitoci na laka da ƙura. A wannan shekara dai Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da ita. To, ba ƙarfin inji ya ba ta nasara ba, domin injinta bai kai lita biyu cif ba, akwai kuwa waɗanda suka fi ta gudu a cikin abokan karawarta. Ƙafafunta ne suka yi aikin: tana da tsawo daga ƙasa, sifirin ɗinta yana da nisan lotsawa, saboda haka tayoyinta ba sa rabuwa da hanya ko a kan gargada. Wannan hali shi ya sa direbobin tasha suka riƙe ta shekara da shekaru tsakanin Yola, Jalingo da Wukari, tun kafin a cire Taraba daga Gongola a 1991.

An daina ƙera 504, amma ma'aunin bai sake ba. A gasar kwana-kwana mota mara nauyi, mai sitiyari mai jin magana da birki mai kamawa, takan kayar da babbar mota mai injin silinda shida. Giyar hannu ta fi otomatik, domin direba ne ke zaɓen lokacin da zai sauko da giya. Abin sha'awa kuma, waɗannan su ne ainihin abubuwan da hanyar Mambila ke nema. Wanda ya taɓa gangarowa daga Gembu ta Nguroje da Maisamari zuwa Mayo Selbe ya san yadda birki ke ɗaukar zafi har ya saki, in ba a bar giya ta riƙe motar ba. Motar da aka gyara don fili, watau aka sa mata tayoyi masu kyau da sabon man birki da shokasoba lafiyayyu, ita ce ta fi aminci a kan wannan dutse.

Inda ake ɓata lissafi shi ne wajen sauke mota ƙasa. Samari sukan yanke sifirin, su sa manyan wili da siririyar taya don kwalliya. A shimfiɗaɗɗen fili wannan yana rage tangaɗi, amma a hanyar Bali da damina kuwa tukunyar mai da salansa ne za su biya bashin.

Cikin motocin da ake samu a hannun dillalai, BMW ta jerin 3 ita ce ta fi daɗin sarrafawa, domin tayoyin baya ke tura ta kuma nauyinta ya rabu kusan daidai gaba da baya. Sai dai tana da ƙasa, kayan sanyaya injinta ba sa jure sakaci, kayan gyaranta kuma akwai tsada. Honda Civic ba ta da nauyi, tana shan kwana da kyau, ita ma dai gajeriya ce. Peugeot 406, wadda aka harhaɗa a Kaduna, ta gaji taushin ƙafa daga yayarta, makanikai kuma sun san cikinta. Toyota Corolla mai injin lita 1.8 ba ta burge kowa, amma in ta samu giyar hannu da tayoyi nagari ba ta jin kunya a fili, ga ƙarancin shan mai, wanda ya zama babbar magana tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Ga magidanci mai mota ɗaya, zaɓin yana tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe ne.

Sai batun wuri. Juyi da mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, yara suna tsaye a gefe, ganganci ne da ya sha cin rayuka a garuruwan Arewa, ba shi da dangantaka da wannan gasa. Inda ake yin ta, ana killace fili ne da izinin hukuma, a duba birki da tayoyin kowace mota kafin ta shiga, direba ya ɗaura bel ya sa hular kwano, 'yan kallo kuma su tsaya nesa da inda mota za ta iya zamewa.