Diyyar Wanda Mota Ta Raunata: Inda Doka Ta Kwana

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Haɗeja bai manta da daren Talata, 15 ga watan Oktoba, 2024 ba. A wannan dare ne tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Masu ƙuna kuwa aka kwashe su zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Bayan zaman makoki sai tambaya ta taso: wa doka ta ɗora wa nauyin jiyya da marayu?

Tun 1945 aka kafa dokar da ta tilasta wa kowane mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda motarsa ta kashe ko ta raunata. A farkon 2023 hukumar kula da inshora, watau NAICOM, ta ƙara kuɗin wannan inshora ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ran 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka soma binciken takardun a kan hanya. Sa'an nan a cikin shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 1945 da ta 2003.

Diyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A mazhabar Malikiyya diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, kuma dangin wanda ya yi kuskuren ne ke haɗa ta. Amma galibi manomi ko masunci na fadamar Haɗeja da mota ta karya wa ƙafa yakan ce ƙaddara ce, ya yafe kafin ya san abin da ya yafe. Yafiya alheri ce, sai dai sau da yawa kamfanin inshora ne ke cin ribarta, ba direba ba.

Lalle ne masu karatu su sani cewa kotu hujja take nema. Wanda abin ya shafa ya rubuta lambar mota, ya nemi rahoton 'yan sanda da na likita, ya adana rasitan magani, ya kuma hanzarta, domin shigar da ƙara yana da wa'adi. Haka kuma kotu takan rage diyyar wanda sakacinsa ya taimaka wajen raunin da ya samu, kamar mai kwasar man da ya malale. Dokar lafiya ta 2014 kuwa ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

Ma'aikata da ɗalibai su ne idon ƙauyukansu. Ya kamata su kai wannan bayani gida tun kafin ranar bukata ta zo.