Fatar da ake renonta a ɗakin bincike domin masu ƙuna

Jama'a, duk wanda ke zaune a kara ko kasuwa a nan kudu ya san gobara ba baƙuwa ba ce: tukunyar gas, janareta, tankar mai. Idan ƙuna ta yi zurfi sosai, fata ba ta tofowa da kanta. Sai likitoci su yanko fata daga cinyar majinyaci su dasa a kan ciwon. To idan wuta ta ci yawancin jiki fa, daga ina za a yanko?

A 1975 wasu masana biyu a Amurka, Howard Green da James Rheinwald, suka gano yadda ake renon ƙwayoyin fatar mutum a ɗakin bincike. Ana ɗaukar ɗan guntun lafiyayyar fatarsa, cikin kamar mako uku ta yaɗu ta zama shimfiɗu sirara da za a rufe ciwon. Tunda daga jikinsa ta fito, jiki ba ya ƙin ta.

Ni da na tashi a gidan fataucin shanu, wadda ta fi burge ni ita ce Integra, da Amurka ta amince da ita a 1996. Da sinadarin kolajin na jijiyar saniya ake yin ta. Jijiyoyin jini su ratsa ta, nama ya ginu, sannan a ɗaye ledar sama a dasa 'yar siririyar fata.

Matsalar dai tsada ce, kuma fatar reno saurin yagewa gare ta. Abin da ke hannunmu shi ne taimakon farko: a yi ta zuba ruwan famfo minti 20, ban da ƙanƙara, manja, ƙwai ko man goge baki, sannan a garzaya asibiti. Allah Ya tsare mu.