Kifin Beta da Ƙaramin Lambunsa a Cikin Gilashi

A shagunan kifin ado za ka tarar da beta a cikin kwalba ko ɗan kofi, shi kaɗai, yana jan doguwar jelarsa ja ko shuɗiya. Mai shago zai ce maka ai ba ya buƙatar komai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin wannan kifi na Tailan, wanda masana ke kira Betta splendens, yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska. Haka kakanninsa suka rayu a gonakin shinkafa da fadamu, har a 2019 ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwanta ta ƙasa. Amma fadama faɗi gare ta, cike da ciyayi, kuma mai neman sauƙin kiwo, kwalba ce za ta fi wahalar da shi, don ruwa kaɗan ba ya jimawa yake gurɓata.

A nemi tankin gilashi mai cin lita 20 ko fiye, da murfi, saboda beta gwanin tsalle ne. A shimfiɗa wankakken yashi ko tsakuwa, a sa ƙaramar matata ta soso wadda ba ta kaɗa ruwa da ƙarfi, don nauyin jelarsa na gajiyar da shi.

Tsirrai ne ma'aikatan gidan. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soso da tsakuwa su juya ta zuwa naitret, tsirrai kuma su zuƙe wani kaso a matsayin taki. Tsiron da ya fi haƙuri shi ne Anubias, ɗan asalin dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka, har da kudancin Nijeriya da Kamaru. Haske kaɗan ya ishe shi. Sai dai kada a binne kakkaurar jijiyar da ganye ke fitowa daga jikinta, ruɓewa za ta yi. A ɗaure ta da zare a jikin dutse ko itace, bayan 'yan makonni saiwoyi su kama da kansu. Haka ake yi wa tsiron Java fern. Beta kan hau faffaɗan ganye kusa da saman ruwa ya kwanta, har sabon shiga ya ɗauka mutuwa ya yi. A sama kuwa kainuwa ta wadatar, in an wanke ta tas kuma ana rage ta, kada ta toshe masa hanyar shaƙar iska.

Inda aka fi yin asara shi ne gaggawa. Bakteriyar nan na ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu, don haka a bar tankin yana aiki babu kifi, ana jefa ɗan abinci yana ruɓewa. Ruwan famfo kuma sai an ɗiga masa maganin kashe kulorin.

Zafin ruwan da beta yake so digiri 24 zuwa 28 ne. Daren hunturu a Kano ko Jos na iya sauke ruwa ƙasa da haka, sai an sa ƙaramar hita. A bazara a nisanta tankin daga taga. Ɗaukewar lantarki na 'yan sa'o'i ba ta cika damunsa ba.

Daga nan aikin bai taka kara ya karya ba: fitila sa'a shida zuwa takwas, in ta wuce haka gansakuka ta mamaye gilashi, abinci ƙwaya biyu ko uku safe da yamma, a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a zuba sabo. Maza biyu kuwa ba sa zama tanki ɗaya, yayyaga juna za su yi.